Bindigar Tukuici da Idon Ɗana na Fari

Zuwa ga Shugaban kamfanin ƙera bindigogin farauta da sayar da su,
Babban ofishi, birnin Paris.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da dukan waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinka. Barka da aiki, barka da sanyin bana. Allah ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Ni mace ce 'yar Damagaram. Shekara ashirin da biyar ke nan ina zaune a Les Minguettes, cikin Vénissieux kusa da Lyon, a hawa na tara. Mijina ya rasu, ni kuma ina aiki a kicin na wata makarantar yara. Na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, ina karanta Faransanci ina fahimta, amma idan raina ya ɓaci da Hausa nake tunani, saboda haka da Hausa na rubuta. 'Yata za ta juya maka ita zuwa harshenka ba tare da ta rage kalma ba. Ta Hausar kuwa za ta zaga hannun mutanenmu na Lyon da na Stains, domin na aika muku wasiƙa biyu a rufe ba ku amsa ba, shi ya sa wannan na bar ta a buɗe.

Maganar a taƙaice ita ce: sabuwar bindigar da kuka ƙera ta fashe a fuskar ɗana, ta tafi da idonsa na dama. Kun karɓe bindigar, kun rubuta cewa sakacinsa ne, kun ba shi zuwa ƙarshen wannan wata ya sa hannu a kan haka, daga nan ku lalata ta. Ba zai sa hannu ba, kuma ba za ku lalata ta ba. Ga dalilaina.

Na ɗaya: wane ne mai bindigar.

Na san abin da ke fara zuwa zuciyar mutum a ƙasar nan idan ya ji an haɗa kalmar bindiga da sunan unguwarmu. Ka cire wannan daga ranka. Ɗana shekararsa talatin da biyu, da mata da 'ya'ya biyu, direban taram ne, wato jirgin ƙasa na cikin gari, shekara tara yana tuƙi ba a taɓa kama shi da laifi ba. Ya zauna jarrabawar farauta ya ci, yana da takardar izini, bindigar kuma an yi mata rajista kamar yadda doka ta ce. A gidansa tana cikin akwatin ƙarfe mai makulli, harsashi kuma a wani wuri dabam.

Farauta gadonsa ce. Kakansa na wajen uba maharbi ne a ƙauyenmu, kuma yaron ya yi shekara bakwai yana bin sa da ido kafin mu taso. A nan ya haɗu da wani dattijo Bature mai suna Bernard, tsohon makanikin taram, wanda ya shigar da shi ƙungiyarsu ta maharba a tsaunukan da ke arewa da Lyon. Ɗana ba ya taɓa aladen daji. Barewa yake harbi, ya yi bismilla, ya yanka, ya kawo. Ni nake rabawa a benenmu, kowace ƙofa da ɗan ƙunshinta. Shekara biyu yana yin haka da bindigar aro ta Bernard.

Akwai wani abu kuma da dole in bayyana maka, domin in ba ka gane shi ba, ba za ka gane sauran ba. Shi ne ɗana na fari. A wurinmu uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta zama ta yi doguwar hira da shi, ba ta yabonsa a gaban mutane. Tun da na haife shi bakina bai furta sunansa ba. Yayansu nake ce masa, wato yayan ƙannensa. Idan ina da magana, matarsa Hadiza nake faɗa wa ta kai masa, shi ma ta hannunta yake maido amsa. Ba ƙiyayya ba ce. Haka uwata ta yi da yayana, haka na tarar, haka na riƙe.

Na biyu: yadda aka sayi bindigar.

Bara ya biya mini kujerar Makka. Da na dawo sai na ga ya wajaba in ba shi tukuici, wato kyautar da ake mayar wa wanda ya yi maka alheri, don ya san abin ya kai zuciya. Na tambayi Hadiza me ransa yake so. Ta ce akwai wata irin bindiga da yake yawan kallo a waya, mai mariƙin ƙarfe a ƙarƙashin kunama, wanda ake turawa ƙasa a maido sama sai ta zubar da kwanso ta ɗana wani harsashi. Ta ce idan yana kallonta ko kiran abinci ba ya ji.

Wata Asabar cikin bazara muka tafi shagon da ke sayar da kayanku a Lyon, ni da shi da Bernard. Ni ba ni da izinin saye, shi ne zai sa hannu, ni ce mai biya. Mai shagon ya ɗora bindiga biyu a kan tebur, iri ɗaya. Ɗaya tsohuwa ce, ƙirar shekaru masu yawa, ƙotarta ta yi duhu da gumin hannun wani. Ɗayar taku ce, sabuwa fil, tana ƙyalli, da ɗan zane a gefe. Bernard ya ɗauki tsohuwar ya motsa mariƙin, ya tafi sumul, ya rufe da ƙara ɗaya mai tsabta. Ya ɗauki sabuwar ya motsa, ya yamutsa fuska. Ya ce mini: Madam, ɗauki tsohuwar, kuɗinta ma bai kai ba, kuma za ta yi ƙarko har ta binne mu duka.

Na ƙi. Na ce masa a wurinmu ba a yin tukuici da gwanjo. Mutum ya kai ka ɗakin Allah, ka saka masa da abin da wani ya gama ci ya ajiye? Da wane ido zan kalli matan unguwa idan suka ji? Mai shagon, da ya ga inda na karkata, sai ya kama yabon taku. Ya ce na'ura ce ta yanka ƙarfen, babu kuskuren hannu, ya ce sababbi duka haka suke da ɗan tauri, da ta sha harsashi kamar hamsin za ta saki. Ya nuna mini takardar garanti mai tambarinku. Ɗana yana tsaye, kansa a sunkuye. Na biya Yuro dubu ɗaya da ɗari huɗu, gumin tukwanen da na wanke. Ya karɓa da hannu biyu, ya durƙusa a tsakiyar shagon ya yi godiya, har mai shagon ya yi dariya.

Wannan zaɓi nawa ne. Na ɗauki nauyinsa a gaban Allah, ba na neman wanda zan ɗora wa. Amma ka lura da abin da na dogara a kansa: na ɗauka sabon abu mai tsada, daga kamfani mai suna, a ƙasar da ake auna komai da ma'auni, ba zai cuci mai shi ba.

Na uku: abin da bindigar ta nuna tun farko.

Wannan duka daga baya na ji shi, daga bakin Hadiza da na Bernard, kuma dukansu sun yarda su maimaita a gaban duk wanda ya tambaya.

Tun ranar farko mariƙin yana cijewa. Idan aka maido shi sama sai ya tsaya, saura kamar kaurin farce ya rufe, sai an matse da ƙarfi. Kwanso yakan maƙale a hanyar fita. Tsakanin ƙota da ƙarfe akwai rata wadda takarda ke shiga. Wani noti na gefe yana kwancewa da kansa, a ɗaure yau, jibi ya saki. Baƙin da aka shafa wa ƙarfen ya fara gogewa kafin wata biyu. Bernard ya haska cikinta da tocila ya ga ɓarɓashin ƙarfe da kaifin da ba a goge ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gyaran taram ya san aikin da aka gama da wanda aka yi wa gaggawa. Ya ce wa ɗana wannan an yi mata kwalliya ne a waje, cikinta ko gogewa ba a yi ba, ya mayar da ita tun garanti na da rai.

Ɗana ya ce ba zai iya ba. Bernard ya ce don me, takarda ce kawai za a cike. Ya ce kyautar mahaifiyarsa ce. Bernard ya ce to shi ya sa ma ya kamata a gyara ta. Ɗana ya yi murmushi ya ce ba zai gane ba. Bernard ya gaya mini har zolayarsa ya yi, ya ce masa kai da ka iya tsayar da taram cike da mutane, tsohuwa guda ta gagare ka.

Ranka ya daɗe, Bernard bai gane ba, amma ni na gane, domin ni na yi masa wannan tarbiyya. Ba a mayar da tukuici. Ba a duba aibin kyautar babba. Idan ya kai ta shago, labari zai zo kunnena, kuma ma'anarsa ita ce: Inna, abin da kika zaɓa da hannunki, bayan an ba ki shawara kin ƙi, ba shi da kyau. Ɗan fari ba ya iya faɗa wa uwarsa haka, ko da baki ko da aiki. Sai ya riƙe maganar mai shagon, cewa za ta saki. Hadiza ta ce duk Lahadi bayan la'asar yakan shimfiɗa tsohon zane a falo, ya kori yara zuwa ɗaki, ya zauna da ita babu harsashi, yana shafa mai, yana tura mariƙin ƙasa da sama har bayan yatsunsa suka yi kanta. Ni kuma sau uku ina aika Hadiza ta tambaye shi yaya bindigar. Sau uku amsa ɗaya take dawowa: a gaya wa Inna alhamdu lillahi, babu irinta a ƙungiyar. Na ji daɗi har na faɗa wa maƙwabta.

Na huɗu: ranar.

Wata Asabar ce da safe cikin kaka, mako na biyar da buɗe farauta. Ina kasuwar unguwarmu ina zaɓen kuɓewa, waya ta yi ƙara. Hadiza ce. Ba ta gaishe ni ba, kuma yarinyar nan ba ta taɓa fara magana da ni babu gaisuwa ba. Tun daga nan na ajiye kuɓewar.

Bernard yana tsaye taku kaɗan daga gare shi lokacin da abin ya faru. Barewa ta fito, ɗana ya harba ya kuskure. Ya tura mariƙin ya maido, ya sake saiti, ya ja kunama. Maimakon wutar ta fita ta gaba, sai ta dawo ta baya. Kwanson ya tsage, wuta da gutsattsarin ƙarfe suka bugi idon da yake saiti da shi. Bernard ya ce da ya ɗauki bindigar daga ƙasa, mariƙin yana nan a inda ya saba cijewa, saura kaurin farce.

A asibiti na zauna a kan benci a waje. Ban shiga na rungume shi ba, ban yi kururuwa ba. Wata mai jinya ta zo ta tambayi Hadiza ko an sanar da mahaifiyarsa. Hadiza ta nuna ni. Matar ta kalle ni kallon da na fahimta sarai. Ban yi mata bayani ba. Da aka fito da shi daga aiki, rabin fuskarsa a naɗe, maganar farko da ya aiko mini ita ce: a gaya wa Inna kada ta damu, gaggawa na yi, laifina ne. An yi masa aiki sau biyu. Idon bai dawo ba.

Mai ido ɗaya ba ya tuƙa taram. Tun daga lokacin yana gida. Mutumin da ke fita kafin gari ya waye yanzu yana zaune yana koyon zuba shayi a kofi ba tare da ya zuba a tebur ba. Taram ɗin da yake tuƙawa yana wucewa ta ƙarƙashin tagarsa, Hadiza ta ce idan ya ji ƙararrawarsa sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Na biyar: abin da kuka yi.

Shagon ya karɓi bindigar ya aiko muku Paris, aka ce masananku za su duba. Kuka aiko masa da takardar tambayoyi. A cikinta akwai inda kuka ce, shin ka taɓa lura da wata matsala kafin haɗarin? Ɗana ba ya ƙarya. Ya rubuta cewa mariƙin yana cijewa tun ranar farko. Bayan wata biyu amsarku ta zo, shafi ɗaya da rabi. Kun ce bai rufe mariƙin sosai ba kafin ya harba. Kun ce ya san da matsala bai kai rahoto ba. Kun ce saboda haka sakacin mai amfani ne. Sa'an nan, don nuna karamci in ji ku, za ku ba shi sabuwar bindiga irinta kyauta idan ya sa hannu cewa magana ta ƙare, tsohuwar kuma za ku lalata ta don kada ta cuci wani.

Wato gaskiyar da ya faɗa muku ita kuka murɗa kuka ɗaure shi da ita. Kuma mutumin da bindigarku ta cire wa idon saiti, shi za ku yi wa kyautar bindiga. Ban san wanda ya zauna ya tsara wannan jimla ba, amma ina so ka tambaye shi ko yana da uwa.

Hadiza ce ta kawo mini takardar a ɓoye, domin shi ya riga ya yanke shawarar sa hannu. Ranar ce ta zauna ta gaya mini komai: zaman Lahadi, kantar yatsu, shawarar Bernard. Ta ce, Inna, ba don bindigar zai sa hannu ba, ya ce ko taɓa ta ba zai yi ba. So yake a rufe maganar a kan sakacinsa, domin in aka ce aibin ƙira ne, kowa zai tuna wa ya zaɓa. Ya gwammace a ce shi ne sakarai da a ce uwarsa ta saya masa abin da ya makantar da shi.

Na nemi ɗan littafin da kuka sa a cikin kwalin bindigar. Na sa tabarau na karanta shi daga farko har ƙarshe, inda na kasa 'yata ta taimaka. A cikinsa, da rubutunku, kun ce an sa wani ɗan ƙarfe da ke tare kunama, ba za ta motsa ba sai mariƙi ya rufe ruf. Kun ce wannan shi ne kariyar mai harbi. To, Ranka ya daɗe, ni ba masaniyar bindiga ba ce, amma na yi lissafi a makaranta. Idan mariƙin a rufe yake, me ya sa wuta ta dawo baya? Idan kuma bai rufe ba, kamar yadda ku da kanku kuka rubuta, me ya sa kunama ta motsa? Ko ta ina aka bi, ƙarfenku ne bai yi aikinsa ba. Takardarku ta shafi ɗaya da rabi ba ta ambaci wannan ɗan ƙarfe ko sau ɗaya ba. Ina jin shi ya sa ake gaggawar lalata bindigar.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Paris, ni da 'yata, da littafin a jakata. Mun zauna a ɗakin jiranku daga hantsi har azahar ta wuce, na yi salla a lungu kusa da tukunyar fure. A bangon akwai bindigogi irin tasa a cikin gilashi, da hotunan mutane a kan dawaki. Daga ƙarshe wani jami'i ya sauko, bai zauna ba. Ya ce ba ni ce mai sayen ba a takarda, saboda haka ba zai tattauna da ni ba. Na buɗe masa shafin, na ɗora yatsa a kan layin. Bai duba ba. Ya ce ya fahimci damuwata, ya miƙo mini kati mai lambar waya. Lambar nan na kira ta har na gaji, kiɗa kawai take sa mini.

Da na dawo Lyon ban aika Hadiza ba. Na hau benensu da ƙafata, na zauna a gabansa, na kalle shi a fuska, abin da ban taɓa yi ba tun yana goye. Na ce masa idan ya sa hannu a takardar nan ban yafe ba. Na ce ni na zaɓa, kowa ya sani, kuma ban roƙe shi ya rufa mini asiri da sunansa ba. Ya buɗe baki zai ce laifinsa ne, na ce ya yi mini shiru. Ya sunkuyar da kai, kuma bai taɓa tsallake maganata ba. Shi ya sa na ce maka ba zai sa hannu ba.

Na shida: darajar abin da kuke sayarwa.

Bindigar kakansa maƙerin ƙauyenmu ne ya ƙera ta, da guntun bututu da itacen da ya sassaƙa da hannunsa. Ba ta da kyan gani ko kaɗan. Amma na ga ranar da aka kawo ta, ina amarya. Maƙerin bai miƙa ta ba sai da ya ɗura mata albarushi fiye da ƙima, ya kai mu bayan gari, ya kafa ta a kafaɗarsa, ya harba da kansa. Ya ce in za ta fashe, ta fara da wanda ya yi ta. Mutumin nan bai san harafi ko ɗaya ba, ba shi da tambari, ba shi da takardar garanti. Fuskarsa ce garantinsa.

Ku kuna da na'urori, kuna da masu digiri, kuna da ofis mai gilashi. A cikinku wa ya ɗora wannan bindiga a kumatunsa ya motsa mariƙin kafin a sa ta a kwali? Da an yi, da an ji cijewar, domin Bernard a motsi ɗaya ya ji ta. Kun kashe ƙoƙarinku a kan zanen gefe da ƙyallin ƙota, abin da ke jan idon mai saye irina, kuka bar cikin, inda ran mutum yake. Kuna sayar da sababbi da sunan da tsofaffin suka yi muku. Wannan ha'inci ne, ko da doka ba ta kira shi haka ba. Ni a kicin, idan na ga tukunya ba ta dahu ba, ba na zuba wa 'ya'yan mutane in ce cikinsu zai ƙarasa dafawa. Haka mai shagonku ya ce mana: za ta saki. Ta saki kuwa.

Za ka ce ai da ya kawo ta da an gyara. Gaskiya ne, kuma wannan zai bi ni har kabari. Kunyar da na koya masa ita ta rufe masa baki, na yarda. Amma kunyarmu ba ita ta bar kaifi a cikin ƙarfe ba, ba ita ta hana ɗan ƙarfen kariya aiki ba. Shirunsa tsakanina da shi ne. Aibin bindigar tsakaninku da Allah ne da dukan wanda ya sayi irinta. Kada ku ɓoye naku a bayan namu.

Abin da nake nema.

Kada a lalata bindigar, kada a taɓa cikinta, kada a goge komai. A miƙa ta yadda take ga masanin da ba ya cin albashinku, a buɗe ta a gaban Bernard da lauyan da ƙungiyar maharba ta samo mana. Lauyan ya riga ya aiko muku da takarda a kan haka, ni kuma ina faɗa a bainar jama'a don kada wata rana a ce takarda ta ɓace.

A janye wa'adin ƙarshen wata, a janye kyautar bindigar. Ba ma so.

A sanar da duk wanda ya sayi irin wannan ƙira cewa idan mariƙinsa yana cijewa, ya ajiye ta. Kada ku jira su kawo ƙara. Ba ku san dalilin da ke sa mutum ya yi shiru ba. Ni ma da nake uwarsa ban sani ba.

Sai babbar buƙatata. Kalmar nan ta sakaci a cire ta daga kansa, a rubuce, da sa hannunka. Da ita za a yi masa hukunci a wurin aiki, da ita masu inshora za su rufe masa ƙofa, da ita 'ya'yansa za su girma suna jin cewa ubansu wasa ya yi da bindiga ya rasa ido. Idon ya tafi, na bar wa Allah. Sunan ne ya rage masa.

A takardunku lamba ce kuka sa masa. Ni kuma shekara talatin da biyu ina kewaya sunansa kamar yadda aka koya mini. Na zauna na yi tunani, na ga ba zan iya neman a wanke sunan da ni kaina na ƙi furtawa ba. 'Yata ta karɓi alƙalamin ta ce ita za ta rubuta wannan layi a madadina, na ce a'a, ta maido mini da shi.

Sunansa Haruna. Haruna ɗana ne, na fari. Haruna ba mai sakaci ba ne. Biyayya ya yi, ga uwar da ta fifita ƙyalli a kan shawara, da kamfanin da ya san haka masu saye suke.

Ga mutanenmu da za su karanta wannan, musamman iyaye mata: idan kun ba ɗa kyauta, ku buɗe baki ku ce masa in ta ƙi, ya mayar. Ku faɗa da kanku, kada ku aika.

Kai kuma, Ranka ya daɗe, ba na yi maka mugun fata. Allah ya shirye ka, ya sa albarka a sana'arka idan ka gyara ta, ya tsare 'ya'yanka daga kayan da aka yi wa gaggawa. Allah ya bar maka idanunka biyu, ka buɗe littafinka da su, ka karanta layin da jami'inka ya ƙi dubawa.

Ina jiran amsarka kafin wata ya ƙare.

Wassalam.

Hajiya Zainabu, mahaifiyar Haruna,
Les Minguettes, Vénissieux.